Za a sallamo Hajiyarmu daga asibiti, wane gidan jinya za mu kai ta?

Ummu Sadik, Bronx:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Mahaifiyarmu ce, shekarunta 74, ta samu shanyewar ɓarin jiki na dama kwana shida da suka wuce, tana kwance a asibiti nan New York. Hankalinta na nan, sai dai magana ba ta fita sosai, kuma in ta sha ruwa sai ta ƙware. Jiya jami'ar sallama ta miƙo mana takarda mai sunayen gidajen jinya goma sha ɗaya, ta ce mu zaɓi biyar kafin jibi. Hajiya tana da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi, Turancinta kuma kaɗan ne. Mu dai so muke a yi mata gashi ta miƙe mu dawo da ita ɗakinta. Don Allah me ake dubawa? Ga 'yan'uwa can gida sun dame mu da waya, wai za mu kai uwa gidan gajiyayyu.

Malam Habu Mai Gashi:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne. 'Yar'uwa, kafin ki ɗora biro a kan kowane suna, ki tambayi jami'ar wane irin wuri ne ta rubuto muku, don iri biyu ne kuma ba a haɗa su.

Na farko asibitin gashi ne na kwanciya, wani lokaci ma hawa guda ne a cikin babban asibiti. Ƙa'idarsa awa uku na gashi a rana, kwana biyar a mako, kuma likita yana ganin mara lafiya ido da ido aƙalla sau uku a mako. Na biyu gidan jinya ne mai sashen gashi. Can galibi awa ɗaya ne zuwa biyu a rana, kuma doka ba ta wajabta wa likita leƙowa ba sai sau ɗaya a kwana 30 cikin wata ukun farko. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka, a jagorarta ta 2016, ta fifita na farkon ga mai shanyewar jiki matuƙar zai iya jurewa. Dalili kuwa, a watanni ukun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sabuwar hanyar motsa gaɓa, kuma yawan maimaitawa ke jan wannan aikin.

To me ke sa a tura mutum na biyun? Rahoton masu gashin asibitin. In sun zo da yamma ta gaji, suka yi mata Turanci ba ta motsa ba, sai su rubuta cewa ba ta iya bin umarni, shi ke nan ƙofar farko ta rufe. Shanyewar dama kuma takan zo da matsalar harshe, ga rashin Turanci a kai. Ku nemi a sake gwada ta da safe, da tafintan Hausa. Kyauta ne, ta waya ake haɗawa, haƙƙinta ne.

In dai na biyun ne ya tabbata, kada ki tsaya ga mai karɓar baƙi, ki nemi shugaban sashen gashi. Minti nawa za a yi mata a rana? Ana aiki ranar Asabar? Ita kaɗai da mai gashi ko a tara su huɗu a ɗaki? Mai koyar da magana da haɗiya ma'aikaciyarsu ce ta kullum, ko sau biyu take zuwa a mako? Wannan ta ƙarshen ta fi damuna. Wanda ke ƙwarewa, ruwa kan sulale masa huhu, wani lokaci ko tari ba ya yi, bayan kwana kaɗan sai zazzaɓi da nimoniya. Ku roƙa a yi mata hoton haɗiya tun tana asibiti, a rubuta kaurin abin shan da ya dace da ita a takardar sallama.

Sai kafaɗa. Kada kowa ya ɗaga ta ta hannun da ya shanye ko ya sa hannu a hammatarta ya ja. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja ɗaya kan sa ta goce, ciwon kuma ya hana ta gashin gaba ɗaya. Har ku 'ya'yanta wannan ya shafa.

Sista Rabi:

Ummu Sadik sannu da jinya. Abin da Malam Habu ya faɗa haka yake, ni ta ɓangaren kwanciya zan ƙara.

Ki shiga Care Compare, shafin intanet na Medicare, ki sa sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Kowane gida yana da tauraro ɗaya zuwa biyar, amma kada jimillar ta ruɗe ki, abu uku aka gauraya. Akwai binciken sufetocin jiha, akwai yawan ma'aikata wanda ake cirowa daga takardun albashi, sai ma'aunin inganci wanda yawancinsa gidan ne da kansa ke kai rahoto. Ni biyun farko nake yarda da su. Gida mai biyar a inganci da biyu a ma'aikata, ki tsallake shi. In kika ga alamar jan tafin hannu kusa da suna, an kama su da cin zarafi ne kwanan baya. Ki kuma duba ma'aikatan ƙarshen mako da yawan masu barin aiki a shekara, duk suna wurin.

Dokar jihar New York ta ce kowane mazauni ya samu aƙalla awa 3.5 na kulawa a rana, 2.2 daga mataimakan nas, 1.1 daga nas mai lasisi. Matsakaici ne na gidan duka, bai gaya miki abin da ke faruwa ƙarfe uku na dare ba. Don haka ki je da ƙafarki sau biyu. Na farko wanda za su zagaya da ke, na biyu ba sanarwa, ranar Lahadi lokacin abincin dare. Falon karɓar baƙi da furanninsa ba nan Hajiya za ta kwana ba, ki ce a kai ki hawan da za a sa ta.

Ki tari mataimakiya guda a baranda, ki gaishe ta, ki ce mutum nawa ke hannunki yau? Takwas da rana abu ne mai yiwuwa. In ta ce goma sha biyar, ki yi lissafi da kanki: wanka, canza kunzugu, ciyarwa, juyawa. Ba muguwa ba ce, hannu biyu gare ta. Ki tsaya ki ga fitilar kira ta wani ɗaki ta kama, ki duba agogo har a amsa. Ki kalli tiren abinci: an ajiye wa mai shanyayyen hannu a rufe an tafi, ko akwai mai zama ta ba shi? Warin fitsari a ɗaki ɗaya ba komai ba ne, yanzu ya faru. Wanda ya kama barandar duka, ya shiga labule, shi ne labari. Doka ta sa su liƙa adadin ma'aikatan kowace rana a bango, su kuma ajiye rahoton sufetoci inda kowa zai karanta.

Abin da ya fi saurin ɓata jinya shi ne gyambon kwanciya. Wanda ba ya iya juya kansa, ana juya shi duk awa biyu, a sa filo ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta tashi daga katifa. Ranar da aka kai ta, ku tsaya a duba fatarta a gabanku, ƙugu da mazaunai da dunduniya, a rubuta. A fatarmu ba lallai ki ga ja ba, shi ya sa ake makara da mu. Wurin kan yi duhu ko shuɗi-shuɗi, ya yi ɗumi ko tauri fiye da gefensa. Ki taɓa da hannu, kada ki dogara da ido.

In da robar fitsari a jikinta, ki tambayi ranar cirewa, kowace kwana tana ƙara haɗarin ciwon mafitsara. In kuma kika zo kika tarar tana ta barci da rana ba kamar jiya ba, ki nemi takardar magunguna. Tsohuwar da ba a jin yarenta, in ta yi ta kira da dare, da sauƙi a ce ta rikice a ƙara mata maganin kwantarwa. Ba su da ikon fara irin wannan ba tare da an sanar da ita ko wakilinta ba.

A cikin awa 48 dole su rubuta tsarin kulawa na farko. A nan za ki sa a rubuta mace ce za ta yi mata wanka da tsarki, ba naman alade, a bar mata ɗankwalinta, a juya kujerarta alƙibla lokacin salla. Abin da ba a rubuta ba, da an canza ma'aikata ya tafi.

Ɗan Zongo:

Allah Ya ƙara sauƙi, Hajiya. Ni kuɗi da takardu zan taɓa, don nan mutanenmu suka fi ƙonewa.

Da farko ki tabbatar an kwantar da ita ne a hukumance, ba ajiye ta aka yi ana lura ba. Medicare na asali ba ya biyan gidan jinya sai ta yi kwana uku a jere a matsayin kwantacciya, ban da ranar sallama. Mutum kan yi kwana huɗu a gado amma takarda ta ce lura ake yi. In kuma katinta Medicare Advantage ne, wato wanda kamfanin inshora mai zaman kansa ke gudanarwa, sai kamfanin ya amince tukuna, kuma cikin gidajen da yake hulɗa da su.

Kwana 20 na farko ba ku biyan komai. Daga na 21 zuwa na 100 akwai kason mara lafiya, a 2025 dala 209.50 ne kullum, wato 16,760 in ta cinye kwana 80 ɗin, sai in tana da Medicaid, tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ko ƙarin inshora. Bayan 100 Medicare ya zare hannu. Kuma ɗarin nan iyaka ce, ba alkawari ba. Suna iya kawo takardar dakatar da biya a kwana na 25, kwana biyu kafin ranar. Akwai lambar ɗaukaka ƙara a jikinta, ki kira kafin sha biyun ranar washegari, kyauta ne. In sun ce ai ta daina samun ci gaba, wannan kaɗai ba hujja ba ce tun sasancin shari'ar Jimmo a 2013. Abin dubawa shi ne ko tana bukatar ƙwararre.

Wurin sa hannu, ba su da ikon tilasta ki ɗauki lamunin bashinta daga aljihunki, don haka ki karanta duk inda aka nemi mai ɗaukar alhaki. Takardar yarda da sulhu maimakon kotu ma ba sharaɗin karɓa ba ce, in kin sa hannu kina da kwana 30 ki janye.

In zama ya yi tsawo, Medicaid ne mai biya, shi kuma yana bin asusunta wata 60 baya. Kuɗin da ta aika gida na ginin ɗan'uwa ko auren jika, kyauta suke lissafa shi, su hana biya na wani lokaci. Kada ku kwashe komai daga asusunta yanzu sai kun ga lauyan harkar tsofaffi. Ki kuma tambaya tun yau ko gidan yana karɓar Medicaid a sashen zama na dindindin, kada a tashe ta tsakiyar jinya.

Ummu Sadik, Bronx:

Allah Ya saka da alheri. Na kira, sun ce gobe da safe za a sake gwada ta da tafinta. Sista, zan iya kai mata tuwo da kunu? Abincinsu ba ta taɓawa. Sannan mai tauraro huɗu yana da nisa, mai uku kuma tasha biyu ne daga gidanmu.

Sista Rabi:

Kina da ikon kai abinci, amma ki fara kai wa mai duba haɗiya ta gani. Tuwo yana da danƙo, yakan maƙale a kumatun ɓangaren da ya shanye, ba yanzu ba. Kunu ya fi, in an tace shi ba gudaji, aka daidaita kaurinsa da abin da aka rubuta. Ki lura yana tsinkewa in ya jima ko yawu ya taɓa shi, don haka ki zuba kaɗan-kaɗan. Ta zauna a miƙe, ƙaramin cokali, ta ƙara minti 30 a zaune bayan ta gama, sannan a goge mata baki.

Batun nisa, ki buɗe ukun nan ki ga daga ina ya zo. In tauraron ma'aikata uku ne ko sama, kuma ba alamar jan tafin hannun nan, ni na kusa zan ɗauka. Iyali suna da ikon shiga kowane lokaci, dare ko rana, kuma ɗakin da aka san wani na iya faɗowa bayan isha ba a barin fitilarsa tana ci. Ku raba kwanakin mako tsakaninku, ku ajiye littafi a gefen gado kowa ya rubuta abin da ya tarar. Masu waya daga gida kuma ki riƙa kiransu ta bidiyo lokacin gashi, su gan ta tsaye tsakanin ƙarafa biyu.