Dan Allah wane mod ne zai gyara min faɗan Skyrim? Na gaji da saran iska

Danja_Dovah:

Salam 'yan uwa. Na dawo buga Skyrim Special Edition bayan kusan shekara uku ban taɓa shi ba, kuma wallahi duniyar gem ɗin har yanzu tana burge ni, duwatsun nan da ƙanƙara da kiɗan, amma faɗan kam ya ishe ni. Jiya na shiga Bleak Falls Barrow na tsaya gaban draugr ɗaya, gawar nan mai tashi ta yi faɗa, ina sara yana sara, ba mai ja da baya ba mai kaucewa, kamar mata biyu na daka a turmi ɗaya, takobina ma ratsa jikinsa yake yi ya wuce kamar ina saran hayaƙi. Da jinina ya yi ƙasa sai in tsayar da gem in cinye cuku goma sha biyu in dawo. Na ɗaga wahalar zuwa Legendary ko zai yi armashi, sai abin ya ƙara lalacewa, ɗan fashi ɗaya mai rigar fata sai na sare shi har yatsana ya gaji shi kuwa bugu biyu ya aika ni lahira.

Ina ganin bidiyoyi a YouTube mutane na tsalle suna mirginawa suna faɗa kamar Elden Ring a cikin Skyrim, to waɗanne mod ne, wato ƙarin fayilolin da ake sa wa gem su canza shi? Laftof ɗina ba wani babba ba ne, RAM 8 ne, kuma data ba ta da araha don haka kar a haɗa ni da lis ɗin mod ɗari biyar. Ban taɓa sa mod ba sai wanda ke gyara taswira.

Malam_Orc:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa fara sauko da gem ɗin daga Legendary tukuna, shi ne rabin ciwonka. A matakin nan saranka kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake ci, su kuma nasu ninki uku yake shigarka, wato ba wayo aka ƙara musu ba fata aka ƙara musu. A Adept ne ake ɗaya da ɗaya. Koma can, sai ka sa Wildcat na EnaiSiaion, yana Nexus Mods, ɗan ƙaramin fayil ne ba zai ci maka data ba. Shi abin da yake yi, kowa bugu na shigarsa sosai, kai da su duka, faɗa ya zama gajere mai haɗari. Idan ka ɗaga garkuwa daidai lokacin da saran ke sauka kana samun riba a kan wanda ya riƙe ta sama tun safe, akwai rauni da ake ji a jiki, kuma 'yan fashin sun fi zafin nama, ba sa tsayawa suna kallonka. In ka ga ya yi maka yawa akwai ƙaninsa Smilodon, mutum ɗaya ya yi su, ya fi sauƙi.

Sannan ka sa mod ɗin fak, wato ƙwarewar da kake buɗewa in ka hau mataki, guda ɗaya, Ordinator in kana son abubuwa birjik, Vokrii ko Adamant in kana son abin da bai yi nisa da na asali ba. Guda ɗaya fa na ce. Ni da waɗannan biyun na yi wata da watanni ban nemi ƙari ba.

xX_Zaki_Xx:

Haba Malam_Orc, mutum ya ce Elden Ring yake so kai kuma kana ba shi maganin tsofaffi 😂 Wildcat lambobi yake canzawa, motsin nan na gurgu yana nan yadda yake tun 2011. Abin da ka gani a YouTube oga, yawanci MCO ne. Shi ne ke canza yadda ake sara gaba ɗaya, in ka kai sara to ka kai, ƙafarka ta kafe sai ka gama, babu wannan sululun na gudu da baya kana wurga takobi, kuma sara yana bin sara a jere. Ka haɗa shi da True Directional Movement don ka iya kulle ido a kan abokin gaba kana zagaya shi, da Precision wanda shi ne ainihin maganin saran hayaƙin da kake kuka da shi, domin sai ƙarfen ya taɓa jiki da gaske kafin a lissafa bugu, in ka wurga babban takobi a lungu ma bango zai iya tare shi. Na farkon ranar da na sa shi na shiga wani kogo da gatari mai hannu biyu, na kai sara gatarin ya daki dutse, ɗan fashin ya soke ni da wuƙa, na yi dariya har ƙanwata ta leƙo ta ga ko lafiya. Sai TK Dodge na kaucewa, sai Valhalla Combat wanda ke sa sitamina ta zama abin tattali. Sai SCAR, kar ka manta da shi, in babu shi kai kaɗai ne za ka riƙa jera sara su abokan gaba suna tsaye kamar gumaka, da shi kuwa su ma za su jero maka.

Abu ɗaya, MCO na kallon baya ne, wato kana ganin mutuminka gaba ɗaya. In kai ɗan kallo ta cikin ido ne to ba zai yi maka wani amfani ba.

Malam_Orc:

Zaki ai na san su duka, na sa na cire. Matsalata da su Skyrim gem ne na kogo da lungu da matattakala, ba a gina ɗakunansa don mirgine-mirgine ba, kuma in ka ga Nord da sulken ƙarfe yana juyi a sama kamar ɗan wasan langa sai ka ji ka bar Skyrim ka shiga wani gari. Ra'ayina ne dai. Amma tsakani da Allah mutumin da bai taɓa sa SKSE ba, manhajar da irin waɗannan mod ke tsayawa a kanta, za ka ɗora wa wannan kayan rana ɗaya?

Hauwa_Khajiit:

Ku biyun kun tsaya gardamar miya ba a ɗora tukunya ba. Danja, kafin ka sauke komai ka duba lambar gem ɗinka. Je folda ɗin gem ɗin, danna dama a kan SkyrimSE.exe, ka duba bayanansa za ka ga ko 1.5.97 ne ko kuma 1.6 da wani abu kamar 1.6.640 ko 1.6.1170. Tun da Anniversary Edition ya fito a Nuwamba 2021 aka koma 1.6, kuma ko ba ka sayi ƙarin kayan ba in dai ka sabunta a Steam to kana 1.6, nan ne mutane ke ruɗewa su ce ai ni Special nake da shi su sauke fayil ɗin da ba nasu ba. SKSE dole ya dace da lambarka daidai, haka Address Library, kuma kusan duk abin da Zaki ya lissafa a kansu yake tsaye. In na Game Pass kake da shi ma ka haƙura, SKSE ba ya aiki a kansa, na Steam da na GOG ne.

Kar ka riƙa zuba fayil da hannu cikin folda Data. Sa Mod Organizer 2, shi ba ya taɓa ainihin gem ɗin, kowane mod yana ɗakinsa, in ya yi maka rashin kunya ka cire masa alama shi ke nan. Vortex ma yana yi kuma ya fi sauƙin farawa, ni dai MO2 na saba. Ka fitar da gem ɗin daga Program Files saboda Windows na hana wasu abubuwa rubutu a wurin. Tsarin da zan ba ka: SKSE, Address Library, SkyUI don ka samu wurin saita mod a cikin gem, USSEP mai gyaran kurakurai, ka buɗe ta SKSE ka tabbatar ya tashi, sannan ka fara na faɗa ɗaya bayan ɗaya, kana sa ɗaya kana gwadawa. Duk mod ɗin da ya taɓa motsi irin MCO da TK Dodge sai ka gudanar da Nemesis ko Pandora bayan ka sa shi, ka yi wa akwatunansa alama, in ba haka ba za ka ga mutuminka ya miƙe hannuwa biyu a buɗe yana yawo kamar mutum-mutumin gona, ko ka danna sara ya ƙi motsi. FNIS mai irin aikinsu tsoho ne kar ka haɗa shi da su. Manhajar LOOT za ta jera maka mod ɗin amma ka karanta shafin kowane mod da kanka, akwai wurin da aka rubuta abubuwan da yake buƙata, yawancin masu zuwa nan suna kuka wannan wurin suka tsallake.

Kuma kar ka sa Wildcat da Valhalla tare kana sabon shiga, dukansu suna taɓa tare bugu da sitamina, za su yi ta hawa kan juna. Zaɓi ɗaya.

Na ƙarshe, kuma wannan da kaina na koya: sabon sef, wato sabon wasa daga farko, za ka fara. Na taɓa cire wani mod mai sikirif a tsakiyar wasa ina mataki na arba'in da wani abu, na ce ai ba komai, kwana biyu gem ya fara fita da kansa duk sanda na doshi ƙofar Whiterun, ragowar mod ɗin na maƙale a cikin sef ɗin. Haka na rasa gidana da dokina da komai, laifina ne ba na kowa ba. Don gwaji ba sai ka zauna kallon keken dokin farko ba, a allon farko danna maɓallin da ke ƙasan Esc ka rubuta coc riverwood, zai jefa ka can kai tsaye, Bleak Falls Barrow yana saman dutsen. Ka kuma saita Steam ya daina sabunta gem ɗin sai in ta nan ka buɗe shi, kai kuma kullum ta SKSE za ka buɗe.

RAM 8 zai ɗauki waɗannan, ba su ne ke nauyi ba, mod ɗin hoto da ENB mai ƙawata haske su ne ke durƙusar da laftof.

xX_Zaki_Xx:

Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, ka san dalilin da ya sa sitamina ba ta da daraja a gem ɗin asali? Ko ɗigo ɗaya ya rage maka kana iya kai babban sara. Shi ya sa miyar ganye, kabeji da dankali da tumatir da lik, take da ƙarfi fiye da wasu takubban, tana ba ka sitamina ɗaya duk daƙiƙa har daƙiƙa 720, sai ka yi ta babban sara ba tsayawa har dodon ya faɗi. Jarumin da ya kashe Alduin, babban dodon gem ɗin, da miya 😭

Danja_Dovah:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Anti Hauwa kin cece ni, ashe 1.6.1170 nake da shi kuma har na riga na sauke SKSE na 1.5.97 ina ta mamakin me ya sa yake ba ni saƙo ya rufe. Yanzu ya tashi. Na bi tsakiya, na koma Adept na sa Wildcat da True Directional Movement da Precision, MCO sai ƙarshen wata in data ta samu. Na koma Bleak Falls Barrow ɗazu, draugr ɗin ƙarshe mai fitowa daga akwatin gawa kusa da bangon rubutu ya kashe ni sau uku, amma duk ukun na san abin da na yi ba daidai ba, na farko garkuwar ce na ɗaga da wuri. A na huɗu na yi masa. Cuku biyu kacal na ci.

Sai dai wata matsala, in na kulle ido a kan abokin gaba sai kyamara ta riƙa fizga in suna da yawa a ɗaki, saiti ne ko wani abu na rasa?

Hauwa_Khajiit:

Shiga saitin True Directional Movement ta SkyUI, sashen kulle ido, ka rage saurin sauya wanda aka kulle, da maus ɗan motsi kaɗan yake tsallakawa kan na gefe. In bai daina ba turo mana jerin mod ɗinka mu gani.