Wa ya taɓa tuƙa keke a tsohon layin dogo?

Mai Sirdi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin fita da iyali yawon keke na kwana biyu a irin hanyoyin nan da aka cire ƙarfen jirgin ƙasa aka bar wa masu keke da masu tafiya a ƙafa. Ƙaramin ɗana shekararsa 9. An ce mini babu hawa ko kaɗan. Wanda ya taɓa bi ya taimaka mana da abin da ya gani.

Tsohon Makanike: Wa'alaikumus salam Malam. Akwai hawa, sai dai ido ba ya ganinsa. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsayi, shi ya sa aka shimfiɗa layin a hankali. Na bi hanyar Otago ta Niyu Zilan, kilomita 152 daga Kilaid zuwa Midilmac, wadda aka buɗe a 2000 bayan jirgi ya daina bi a 1990. Wuri mafi wuya shi ne Tiger Hill, inda kake hawa mita 1 a kowace mita 50. A takarda ba komai ba ne. Amma ka yi awa guda kana taka feda a kan tsakuwa, iska na dukan ƙirjinka, cinyoyinka za su gaya maka kana hawa. Abin da ya biya ni shi ne kwazazzabon Pulban: ka fito daga duhun ramin da aka haƙa wa jirgi ta cikin dutse, ka samu kanka a kan gada, ruwa can ƙasa, ba motsin kowa sai tumaki a nesa. Ka ɗauki famfo da tub na ajiya. Sau biyu tayata ta yi faci, kuma tsakanin ƙauye da ƙauye babu mai gyara.

Uwar Biyu: Malam, ni maganar ramukan nan zan ja maka kunne a kai. Mun bi Via Verde de la Sierra a kudancin Sifaniya, kilomita 36 tsakanin Olbera da Fuwarto Serrano, ramuka 30 a cikinta. Layin ma jirgi bai taɓa binsa ba, an haƙa duwatsu an gina gadoji, aikin ya tsaya. Mafi tsawon ramin ya kusa kilomita guda. Muna shiga 'yata ta taka birki ta tsaya cak, ta ce ba ta ganin ƙasa. Sanyi ya rufe mu nan take bayan zafin ranar da muka baro. Sai da na sauka na riƙe mata kan keke, muna tafe tana jin muryarta na dawo mata, har tsoron ya koma dariya. Kowane yaro ya samu fitilarsa, kada ka ce ɗaya ta ishe ku. A dutsen Zaframagon kuma mun tsaya kallon manyan ungulu suna shawagi, har yau yaran suna zancensu.

Ɗan Iyaka: Idan kwalta kake so saboda yaro, tsohon layin dogo na Fenban ne. Kilomita 125 daga Aken ta Jamus, ta ratsa Beljiyam zuwa arewacin Lukzambur. Wani abin mamaki, tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙasar da layin ke kai ta Beljiyam ce, ko a inda ya keta cikin Jamus. Kana tuƙi a Beljiyam, gonar dama da ta hagu duk Jamus.

Tsohon Makanike: Hajiya ta yi gaskiya kan fitila. Na manta ruwa: ka ɗauki fiye da yadda kake zato.

Mai Sirdi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, kilomita nawa 'yarki ta iya yi a yini ba tare da ta galabaita ba?

Uwar Biyu: Kusan 18, da hutu sau uku. Mun fara daga Olbera saboda ta fi tudu, galibin hanyar gangare ce. Ka duba wane gefe ya fi tsayi a hanyar da ka zaɓa, ka faro daga can.