"On time" da "in time": Ɗanjuma ne da Ɗanjummai?

Hajara: Assalamu alaikum. Malamai, ku raba mana gardama. An ba ƙanena wannan ya cike: "The firemen arrived ___ time to save the shop." Ya sa "on", malaminsu ya soke, wai "in" ne. Ni dai a ganina Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duka "a kan lokaci" ke nan.

Sani: Gaskiyarki Anti. Neman kayar da yara ne kawai.

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne, Hajara. "On time" sai da ajiyayyen lokaci: an ce jirgin ƙasa zai tashi ƙarfe 8, ya kuma tashi 8 ɗin. "In time" kuwa babu ruwansa da agogo, abin da yake nufi an iso kafin a makara. Gobara ta taɓa yanka wa 'yan kwana-kwana lokaci?

Sani: To Malam, wanda ya zo "on time" ai ya zo "in time". Ina bambancin?

Malam Bala: Ba kullum ba. Likita ya zo aiki ƙarfe 8 daidai yadda aka tsara, amma mara lafiya ya cika tun da asuba. Ya zo "on time", bai zo "in time" ba. Juya ta kuma: an tayar da sallar Juma'a, kai ka iso da gudu liman yana ruku'in raka'a ta biyu. Ka makara, wannan babu musu, amma ka samu Juma'a. "Just in time" ke nan, ba a sa "on" a nan.

Maryam: Wannan misalin da Sani ake, kullum a sahun bakin titi yake 😂

Sani: Allah ya shirye ki. Amma Malam, na sha jin ana cewa "come on time before the food finishes".

Malam Bala: Ana faɗa a nan gida, kuma kowa zai gane. Mai duba takardar WAEC ne ba zai ɗaga maka ƙafa ba. In ka ga "to" da aikatau sun biyo baya, kusan kullum "in" ne: "in time to save".

Hajara: Na yarda da rabi. Amma laifin Hausa ne da ta haɗe su.

Malam Bala: Hausa ba ta haɗe su ba, ke kika haɗe su. "Ya zo daidai lokaci" daban, "ya riski abin" daban.

Hajara: To maki biyun yaron fa, Malam?

Malam Bala: Sun tafi.