Haƙarƙari ya tsage: a ɗaure ƙirjin ko a bar shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena ya faɗi ta gefen dama, hoton ƙirji ya nuna haƙarƙari ɗaya ya tsage. Da ya ja numfashi sai zafi ya soke shi, don haka sama-sama yake numfashin. Wasu sun ce mu ɗaure masa ƙirji tamau da bandeji. Mu ɗaure?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, amma kada ku ɗaure, malam. Huhu ba ya jan iska da kansa, ƙirji ne ke buɗewa shi kuma ya bi. Haƙarƙari 12 ne a kowane gefe, duk sun kama ƙashin baya. Bakwai na sama sun haɗe da ƙashin ƙirji ta guringuntsi, uku sun rataya a na samansu, biyu na ƙarshe a sake suke ta gaba. Idan mutum ya shaƙi iska, faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki takan sauka, tsokokin tsakanin haƙarƙari kuma su ɗaga su sama da waje, kamar yadda ake ɗaga mariƙin bokiti. Wannan buɗewar ce ke shigo da iska, kusan rabin lita a kowane shaƙa. Fitarta ba ta son ƙarfi, ƙirji ne kawai ke komawa mazauninsa. To in aka ɗaure, ƙasan huhu ba zai cika ba, majina ta kwanta, daga nan sai ciwon huhu.

Amsa ta biyu: Haka ne. Abin yi shi ne a kashe zafin don ya samu ya numfasa. Ya riƙa shan maganin da likita ya rubuta a kan lokaci. Duk awa ɗaya ya ja dogon numfashi a hankali sau 10. In tari ya zo kada ya danne shi, ya rungume filo a wurin ya yi. Ya riƙa tattaki, daren farko-farko ya kwanta a jingine. Banda ɗaukar kaya, banda sigari. Yawanci mako shida ƙashin ke haɗewa.

Amsa ta uku: Ku sa ido dai. In numfashi ya fara sarƙewa, ko ya yi tarin jini, ko zazzaɓi, a koma asibiti take, don bakin ƙashin kan huda huhu. Hanta ma tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama na ƙasa, saboda haka ciwon ciki ko jiri ba abin jira ba ne.