Na'urar numfashi ta CPAP da kwanan daji: wane batir ne zai kai ni asuba?

Mai fataucin dabbobi, Maradi:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da likita ya tabbatar mini da ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci, bayan maiɗakina ta daɗe tana cewa minsharina yakan yanke ɗif, sai kuma in zabura kamar wanda aka shaƙe. Tun daga lokacin nake kwana da na'urar CPAP, wadda ke tura iska ta takunkumi domin kada maƙogwaro ya toshe. Sana'ata tana kai ni kasuwar Dakoro har zuwa wajen Bermo, inda nakan yi kwana uku a rugage babu kuran, kuma duk daren da na kwana ba ita nakan wayi gari da ciwon kai, gyangyaɗi yana fizgata a kan sitiyari. Shin in jona ta da batirin motata, ko kuwa in nemi ƙaramar nan ta tafiya? Ina kuma da niyyar sauke farali bana, in Allah Ya yarda.

Mai haɗa sola, unguwar Zariya a Maradi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka dogara da batirin da ke tayar da motarka, domin an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, kuma idan ka tsotse shi dare guda kana iya wayar gari kana neman masu turi a tsakiyar daji. Ka fara juya na'urar ka karanta abin da ke rubuce a jikin cajarta: AirSense 10 ta kamfanin ResMed volt 24 take sha, yayin da wasu ke shan volt 12. Ka sayi wayar da aka yi mata musamman domin ɗaukar wuta kai tsaye daga batir, saboda inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, tana cinye wani kaso kafin wutar ta isa.

Lissafin kuwa ba shi da wuya. Ka ninka volt da amfiya-awa (Ah) da aka rubuta a jikin batir, sai ka samu watt-awa (Wh), ma'aunin yawan wutar da ke cikinsa, wato batir mai volt 12 da 20Ah yana ɗauke da 240Wh. Wadda na gwada wa kawuna kusan watt 10 take ja idan an kashe tankin ruwan da ke ɗumama iska, wato 80Wh ke nan a awa takwas, don haka batirin litiyom irin wannan yana kai shi dare biyu har da saura. Batirin dalma kuwa rabin abin da aka rubuta kawai za ka lissafa, in kana son ya yi ƙarko. Ranar da kawun nawa ya manta ya bar tankin a kunne, kafin kiran assalatu batirin ya mutu. Ƙaramin faifan sola mai watt 50 ya isa ya mayar da abin da aka sha, amma batirin a inuwa za ka ajiye shi, ba cikin mota a rufe ba.

Ma'aikaciyar jinya:
Baba, idan ka kashe tankin ruwa a lokacin hunturu hanci zai bushe, wani lokaci har da haɓo, saboda haka ka tambayi likitanka game da ruwan gishirin fesa hanci. Ka riƙe matatar iska biyu ko uku a aljihu, domin ƙurar hanyar Dakoro tana mayar da fara ja cikin ƴan kwanaki. Ina roƙonka kada ka rage ƙarfin iskar da aka saita maka don batir ya daɗe, kuma kada ka kwana kusa da janareto yana aiki, domin hayaƙinsa ne na'urar za ta zuƙo ta tura maka.

Wanda ya je Hajji da tasa:
Ɗan'uwa, ƙaramar CPAP ta tafiya mai suna AirMini nauyinta gram 300 ne kacal, amma ba ta da batir a cikinta, dole ka saye shi daban. A jirgi ana barin batirin litiyom da bai wuce 100Wh ba a jakar hannu, daga nan zuwa 160Wh sai da izinin kamfanin jirgin, kuma ba a saka shi cikin kayan awo. Ka ga na 240Wh ɗin nan a Maradi zai tsaya. Ni mai 95Wh na ɗauka tare da takardar likita, na yi ta cajinsa da rana a tantin Mina.

Mai fataucin dabbobi, Maradi:
Allah Ya saka da alheri. Na duba cajar, volt 24 ce. Malam mai sola, zan biyo ta shagonka ranar Litinin da na'urar a hannu.