Gasar zari-ruga ta matan Afirka a Accra: in bi hanya da yarinya ko in tafi ni kaɗai?

Malamin Wasanni

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa. Ranar Asabar da Lahadi, 9 da 10 ga Nuwamba, 2024, za a yi gasar zari-ruga ta mata 'yan bakwai-bakwai (mutum bakwai kowane ɓangare maimakon sha biyar) ta ƙasashen Afirka a filin Jami'ar Ghana da ke Legon, a Accra. Shekara uku ke nan ina koya wa yara wasan nan a makarantar da nake aiki a Kano, da ƙwallo biyu da toka da muke shata layi, amma ban taɓa ganin gasar ƙasashe da idona ba. 'Yata mai shekara 14 ta fi kowa gudu a cikinsu, ina so ta ga manyan mata suna yi.

Abin da ke hannuna naira 650,000 ne, kwasar adashi. Jirgi ya fi ƙarfina, don Allah kar a kawo min zancensa. Dukkanmu muna da fasfo. An ba ni hutu daga Laraba zuwa Laraba. Kuɗin zai kai mu biyu mu dawo ta mota? Ina ya kamata mu sauka kusa da filin? Ko in bar ta a gida in je in ɗauko musu bidiyo?

Abban Ilham

Wa alaikumus salam Malam. Gaskiya ka hau jirgi daga Legas, awa ɗaya kana filin jirgin Accra. Hanyar nan ba ta yara ba ce.

Malamin Wasanni

Na gode Abban Ilham, amma ai na ce jirgin ba zai yiwu ba.

Hajiyar Madina

Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya raya ta. Ni a Ankara aka haife ni. Ka sauka Madina zango, kar ka yarda a kai ka cikin gari. Daga tashar Madina trotro (ƙaramar bas ɗin haya) ɗaya ne zuwa ƙofar jami'a, sai dai ka fito da wuri saboda cunkoso, balle yanzu da ake kamfen ɗin zaɓen 7 ga Disamba. Ɗaki mai fanka za ka samu sidi (kuɗin Ghana) 150 zuwa 200. Koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da rana, tuwo da daddare, duk da Hausa za ka saya.

Bazazzagi

Hajiya kin ce Ankara? Kar ki rikita Bakano ya je neman bizar Turkiyya. Ko da yake da wuya, Bakanon da ya ji ana maganar ƙwallon da ake rungumewa a gudu da ita, shi ya sa ya so wasan, ya zaci jakar kuɗi ce.

Hajiyar Madina

Haka iyayenmu suke kiran Accra tun kafin a haife ka, ɗana.

Ɗan Fagge

Malam, ka saurare ni da kyau, don ni abin nan ya ci ni. Watan Maris da ya wuce, lokacin wasannin Afirka, mu goma sha ɗaya muka haɗa kai za mu je kallon zari-ruga a wannan filin da kake magana. Wani dillalin tafiya ya ce mu ba shi 280,000 kowa, shi zai ji da mota, masauki, da katin rigakafin shawara. Na sayar da babur ɗina na cika. Cikin azumi ne fa.

Motar da ya sa mu ta lalace kafin Mokwa, muka kwana a gefen titi, da ruwan leda da biskit muka yi sahur. Mun isa Legas bayan kwana biyu, aka ce motar Accra ta tashi tun asuba, wayarsa kuma a kashe. Muka tattara abin da ya rage muka shiga ƙananan motoci. A iyaka ta farko ma'aikacin lafiya ya ɗaga katunanmu ya duba, ya ce duk na bogi ne, hatimin ma ba nasu ba ne. Wallahi ban san inda zan sa kaina ba don kunya, ga dattijo a cikinmu da ya kusa haifata, shi ma aka tsayar da shi a rana. Mutum huɗu a nan suka juya. Mu da muka ci gaba, kowane shinge sai an sauke mu, wani ya ce hatimi, wani ya ce fasfonka sabo ne bai taɓa fita ba sai ka biya na budurcinsa. Iyaka uku ce tsakanin Legas da Accra, ta Benin, ta Togo, ta Aflao ta shiga Ghana, kuma ba wadda muka wuce ba mu bar wani abu ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, wasan nan ba ya jira. Minti 14 an gama, wasu sun shigo. Da muka isa Legon da yamma, ana rataya wa 'yan Uganda lambar zinare ne, mazansu da matansu duk su suka cinye. Ko bugu ɗaya ban gani ba. Na zauna a kan dakalin siminti na yi buɗa-baki da dabinon da wani ɗan unguwar Nima ya miƙo min, hawaye na zuba. Har yau ina biyan bashin dawowa, shi kuwa mutumin na gan shi kwanaki a gidan biki da sabuwar shadda.

Ka ce za ka ɗauki yarinya? Ni ko ƙanina namiji ba zan ɗauka ba.

Ummu Sadik

Innalillahi. Allah ya isar maka Ɗan Fagge, Allah ya mayar da alheri. Ba ku kai ƙara ba?

Ɗan Fagge

Hannu da hannu muka ba shi, ba takarda. Ɗan unguwa ne, an ce a yi haƙuri saboda mahaifinsa.

Abban Ilham

Wannan haƙurin ne ya lalata mu. Ka faɗi sunansa mutane su kiyaye.

Ɗan Fagge

Ba zan faɗa a nan ba. Na bar shi da Allah.

Direban Tirela

Allah ya kiyaye gaba. Amma Ɗan Fagge, ba hanya ce ta cuce ku ba, mutum ne. Shekarata 22 ina kai albasa da shanu kudu ina ɗauko kaya har Tema. Malam, ka je da kanka asibitin da ake yin rigakafin shawara na matafiya, kai da yarinyar, kuma ka yi yanzu, don sai allurar ta kwana goma katin yake aiki. Ka tashi daga Sabon Gari ranar Laraba, Alhamis kana Legas, ka kwana, Juma'a da asuba ka shiga babbar mota mai zuwa Accra kai tsaye. Su suke karɓar fasfo su buga hatimi, ba ruwanka da ciniki da kowa. Wajen 60,000 ne mutum ɗaya.

Zee Kantin Kwari

Baba direba 60,000 yaushe? Watan jiya na je sarin atamfa, 95,000 na biya, kuma sai da aka ƙara karɓar na hatimi a cikin mota.

Sani Kwatano

Ni 40,000 ta kai ni. Mile 2 zuwa Seme, Seme zuwa Kwatano, Kwatano zuwa Lome, ka tsallaka Aflao da ƙafa ka hau ta Accra. Ka canji sefa kaɗan kawai.

Direban Tirela

Kai kaɗai ne da jaka a baya, Sani. Mutumin nan yarinya zai riƙe. A wannan tsalle-tsallen aka yanki su Ɗan Fagge.

Zee Kantin Kwari

Kuma ɗakin sidi 150 da Hajiya ta ce, ni ban gan shi ba. 400 na biya kowane dare, sidi ɗaya kuwa wajen naira 100 na canza. Ku lissafa kwana uku.

Hajiyar Madina

'Yata, ke a ina kika sauka? In kin je wajen Osu ko Circle dole ki biya haka. Ni maganar zango nake. Wanda ya zo sau ɗaya ba zai gaya min farashin unguwarmu ba.

Zee Kantin Kwari

Hajiya ai shi ya sa. Ke 'yar gida ce, ba ki taɓa kama ɗaki a matsayin baƙuwa ba. Da sun ji Hausar Kano farashi ya tashi.

Tsohon Ɗan Wasa

Duk kun koma lissafin mota, ba wanda ya gaya wa Malam ko abin ya cancanci wahalar. Ni na buga wasan nan shekara tara, kuma ina Legon a watan Maris tun ranar farko. Malam, ka je. Abin da bidiyo ba ya nuna maka shi ne faɗin filin. Filin 'yan sha biyar ne cif, amma mutum bakwai ke tsare shi, shi ya sa wanda ya kuskure kamu ɗaya ya jawo wa ƙasarsa maki 5, in an buga ta shiga tsakanin sanduna su zama 7. Kyamara ƙwallo take bi. Kai kuwa ka hau can sama ka kalli waɗanda ba su da ƙwallo: yadda suke ja baya su jera don a miƙo musu, da mai tsaron baya da ke yawo shi kaɗai.

Ka sa ido kan bugun farawa. A 'yan bakwai wanda ya ci shi ke sake bugowa, to ƙungiyar da ta iya tsalle ta ƙwato ƙwallonta za ta iya cin uku a jere abokan karawa ba su taɓa ta ba. Katin gargaɗi fitar da ɗan wasa ne na minti 2 kawai, amma a wasan da rabinsa minti 7 ne, mutum shida su tsare bakwai, sai ka ga an gama da su. A yini ɗaya za ka ga wasanni fiye da goma.

Kuma matan da za su zo ba ƙanana ba ne. 'Yan Afirka ta Kudu daga gasar Olamfik ta Paris suka dawo, bara a Monastir ta Tunisiya da ƙyar suka doke Kenya 12 da 7 suka samu gurbin. Ga 'yan Uganda da suka san filin. Yarinyar da ta ga wannan da idonta ba za ta ƙara tambayarka ko mace na iyawa ba.

Ɗan Fagge

Kai da wa ya biya maka mota? Da tawaga ka je, an ba ka ɗaki da abinci. Mu da muka je da kuɗin aljihunmu mu ya kamata a tambaya.

Tsohon Ɗan Wasa

Da kuɗina na je, ɗan'uwa. Na tausaya maka, amma kai hanya ka gani, ba ka ga wasa ba. Kowa ya faɗi abin da ya sani.

Issoufou Maraɗi

Salamu alaikum. Ni ma na tahi a Maris, amma ta Yamai da Wagadugu, mu shiga Ghana ta Paga, tunda gadar Gaya a rufe take. Kwana ukku cikin kar (babbar mota). Abin da ya hi burge ni 'yan Burkina, mazansu su ka ɗauki tagulla bayan Uganda da Kenya, ƙasar da ke cikin halin da kowa ya sani. Malam, abu guda: ka riƙe takardar haihuwar ɗiyar da wasiƙar yardar uwarta. A gabana an ka sauke wani da ɗiyar ƙanwarsa, sun zaci safarar yara ce, sai da mu ka yi awa biyu.

Bazazzagi

To ga magana. Malam ka fara neman biza wurin uwargida tukuna, ita ce iyakar da ta fi Aflao tsauri.

Ummu Sadik

Kana wasa amma gaskiya ce. Ni dai tambayata, in ta je ta gani ta dawo da buri, a ina za ta buga? 'Yata ta yi shekara biyu tana wasan nan da dogon wando da hijabi ƙarami, ba wanda ya ce uffan. Rana ɗaya muka wayi gari an zuba bulo a filin makarantarsu, yanzu shaguna ne jere, masu cajin waya da masu sayar da taliya. Yaran a barandar aji suke motsa jiki.

Direban Tirela

Haka aka yi da filin da muka yi ƙwallo muna yara. Na wuce kwanaki, gidan mai ne.

Tsohon Ɗan Wasa

Zari-ruga ma ta fi shan wahala, don ba a faɗuwa a kan tsakuwa. In ba ciyawa sai dai a yi ta taɓawa ba kamu, yaro ya girma bai iya kayar da mutum ba, ranar da ya fita waje a karya shi. Ghana sun gina fili na zari-ruga zalla saboda wasannin Afirka, ga shi cikin shekara ɗaya gasa ta biyu za ta sauka a kansa, shugaban hukumar zari-ruga ta Afirka ma, Herbert Mensah, ɗan ƙasarsu ne. Mu wanda muke da shi ake yankawa.

Abban Ilham

Laifin iyaye ne. Ranar da aka kira taron iyayen yara mutum nawa ke zuwa? Sai an kafa harsashi kowa ya zo yana salati.

Ummu Sadik

Mun je, Abban Ilham. Mu 30 muka sa hannu a takarda, har sau biyu. Aka ce mana an riga an ba da, daga sama ne.

Malamin Wasanni

Ummu Sadik, namu ma an zo an auna gefen gabas da zangon karatun da ya wuce, an kafa turaku, ba a dai fara gini ba. A nan ne daidai muke shata layin ci.

Baba direba, 60,000 ɗin nan da kuɗin hatimi a ciki ko ban da shi? Hajiya kuma, in ɗakin zangon gaskiya ne, akwai inda yarinya za ta kwana wurin mata?

Zee Kantin Kwari

Malam turakun nan wane launi aka shafa musu? In ja ne, a unguwarmu wata biyu aka yi tsakanin turaku da bulo.