Ranar Kirsimeti a Landan: shawarwari ga sababbin zuwa

Da aka tambayi waɗanda suka daɗe a Landan yadda baƙo zai yi da ranar 25 ga Disamba, abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai shi ne sufuri. Ranar babu jirgin ƙarƙashin ƙasa, babu bas, kuma tasi kan tsawwala kuɗi. Saboda haka ka tsara yawonka da ƙafa, ko ka hayo keken Santander, wato kekunan haya na birnin.

Cefane a gama shi tun 24 ga wata, domin dokar 2004 ta hana manyan kantuna buɗewa ranar. Wasu ƙananan shagunan unguwa dai kan buɗe.

Maganar abinci ce aka fi jan ta. Wasu sun ce a nufi Edgware Road, wajen Larabawa, wasu Whitechapel, inda halal ba ya wuya, ga kuma Masallacin Gabashin Landan a kusa. Amma kowa ya ja kunne: a buga waya a kama wuri tun da wuri, kada a kwashi yara cikin sanyi a tarar da ƙofa a rufe. A ganina masu cewa a dafa a gida a gayyato ɗaliban da ba su da kowa sun fi gaskiya, don kaɗaicin ranar yana da nauyi.

Gidan tarihi na British Museum a rufe yake. Filin shaƙatawa na Hyde Park kuwa a buɗe, da safe ma akwai gasar ninƙaya a tafkin Serpentine da ke cikinsa. A fita da wuri, domin kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi.